Kwano a Shafe

Kitse ne yake ɗiga daga ragar banda yana faɗawa kan garwashi, kowane ɗigo ya tayar da 'yar wuta mai baƙin hayaƙi. Matar ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon tarwaɗa arba'in da ta jera tun da hantsi. Da ta ɗora su, kowace ta kai kaurin damtsen ƙato. Yanzu duk sun tsotse, fata ta saki nama.

"Baban yara," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba, "zo ka ga aikin jami'arku."

Mijin ya fito da tabarau a hannu. A wurin aiki ba mai kiransa da sunan yanka, Malam Sikeli ake ce masa, domin shekararsa ashirin da biyu yana kula da ɗakin gwajin abincin kifi, kuma ko gishiri ne ba ya yarda a ɗiba da yatsa sai an ɗora a kan sikeli. A gida kam sikelin nan ba ya aiki. Nan uwar yara ce mai yanke hukunci, ita da ta tsufa a bandar kifi tana kai wa kasuwa.

Ta ɗauko ɗanya ɗaya daga cikin roba, ta farke cikinta da wuƙa. Kitse rawaya ya cika ciki har ya lulluɓe hanji.

"Wannan ba kifi ba ne, jarkar mai ce," ta ce. "Wata uku ke nan irinsa ake kawo mini. Na tambayi mai tafkin me yake ba su, ya rantse mini uku-biyu-ɗaya ne, na Daktarku."

"Ba zai yiwu ba."

"To, ka faɗa wa garwashin."

Ba zai yiwu ba, domin da hannunsa ya auna uku-biyu-ɗaya sau ɗari ba ɗaya ba. Tunkuzar waken soya awo uku, niƙaƙƙiyar masara awo biyu, garin kifi awo ɗaya. Shekara huɗu Dakta, malamar da yake aiki a ƙarƙashinta, ta yi tana gwaji kafin ta tsaya a kan wannan haɗin, wanda ya sa mai ɗan tafki a bayan gida zai iya haɗa abincin kifinsa da kansa maimakon jiran buhun da ake shigowa da shi daga waje. Takardar da ta rubuta a kai ta fito a babbar mujalla, masu bincike a ƙasashe dabam-dabam sun ambace ta fiye da sau ɗari shida. Malam Sikeli ya fi Daktar kanta sanin adadin, domin duk ranar Litinin sai ya duba a kwamfuta ya ga ko an ƙara.

Ita ba ta dubawa. Abin da take dubawa kifi ne. Sauran malamai in sun gama gwaji sukan auna nauyin kifin su rubuta su tashi. Ita sai an dafa shi ba gishiri ba yaji, kowane ɗalibi ya ci ya faɗi abin da harshensa ya ji, sannan a kai nama ɗakin gwaji a ga abin da ke cikinsa na gina jiki. Ɗalibai suka laƙaba mata Dakta Ɗanɗana, suna faɗi a ɓoye, ba su san tana sane ba. Takan ce ba sikeli ne zai ci kifin ba, yaron wani ne.

Malam Sikeli ya yi kwana biyu da maganar a cikinsa. Ya san halin Dakta, kuma ya san abin da ke cikin tankuna goma sha biyu na bayan ɗakin gwaji. Sabon bincike ne, wata uku da farawa, saura biyar. Takarda ɗaya tak ta rage mata a babbar mujalla kafin a miƙa sunanta a ba ta Farfesa, ga shi kuma saura shekara biyu ta yi ritaya. Waɗanda ta koyar da hannunta har biyu sun riga ta hawa kujerar. Abin yana ci masa rai fiye da yadda yake ci mata, kuma ba ya ɓoyewa.

Ranar Litinin ya buɗe jakarsa a wurin aiki, ya tarar da bandararren kifi naɗe a takarda. Ya tuna abin da uwar yara ta ce a bakin ƙofa: "In kai kana jin nauyinta, kifin ba ya ji."

Ya kai mata ofis.

Dakta ta ture takardun gabanta, ta ɓantari kifin ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Ta sake ɓantara daga wajen ciki, ta murza tsakanin yatsu, ta dubi maiƙon da ya bari.

"A ina aka kiwata shi?"

"Wani mai tafki ne a bayan gari, ranki ya daɗe. Ni ina ganin ƙarya yake yi, ba haɗinmu ba ne."

"Ka gan shi yana haɗawa?"

"A'a."

"To, gani ya kori ji. Ɗauko mukullin mota."

Mai tafkin dattijo ne, tsohon direba, yana da tafkunan siminti huɗu da rumfar kwano inda yake haɗa abinci. Da ya ji wace ce ta zo, sai da ya canza riga. Ya shiga ɗaki ya fito da 'yar takardar nan da sashen su Dakta ya raba wa masu kiwo shekarun baya, an sa ta a leda don kada ruwa ya taɓa ta. Ya karanta musu da ƙarfi, yana bin layi da yatsa: awo uku, awo biyu, awo ɗaya.

"Haɗa mana mu gani, Baba," in ji Dakta.

Ya jawo buhuna uku, ya ɗauko wani kwanon sha mai lotsattsen baki. Ya ɗebi tunkuza sau uku. Ya zo kan masara, ya cika kwano har ya yi tozo, ya ƙara da hannu, sau biyu. Da ya zo kan garin kifi mai tsada sai hannun ya yi sanyi, kwanon ko bakinsa bai kai ba.

Malam Sikeli ya waiwaya yana duba cikin rumfar.

"Ina sikelinka?" ya tambaya.

"Sikeli kuma? Ai awo aka ce." Dattijon ya ɗaga kwanon. "Ga abin awo."

A ɗakin gwaji in an ce awo, nauyi ake nufi. A kasuwa in an ce awo, kwano ake nufi. Tunkuza sakayau take, niƙaƙƙiyar masara kuwa nauyi gare ta, ga tozo a kai. Abin da dattijon ke ba kifinsa kusan rabinsa masara ne. Kifin ya yi ƙiba, mai saye ya ga girma, mai ci ya sami kitse.

A hanyar komawa Malam Sikeli ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ni na rubuta 'yar takardar nan, Dakta. Ni na zaɓi kalmar."

"Ni na karanta na sa hannu."

"Amma binciken daidai yake. Ko gobe aka maimaita, daidai zai fito. Su ne ba su..."

"Masu kiwo nawa ka sani da ke da sikeli?"

Ya yi lissafi a ransa. "Biyu. Ɗayan ma ya lalace."

"Ashe shekara shida ina ba mutane haɗin da ba su da abin auna shi." Ta juya tana kallon titi. "Sau ɗari shida aka ambace ni, Malam Sikeli, ba wanda ya tambaye ni awon me."

Washegari ta ce a kwashe kifin tankuna goma sha biyun, a sake gwajin haɗin da kwano.

Ranar ce kaɗai a shekara ashirin da biyu da ya ɗaga mata murya. Ya ce a buga sabuwar 'yar takarda a rubuta sikeli, shi ke nan. Ta ce rubuta sikeli ba ya saya wa mutum sikeli. Ya ce to a lissafa a takarda kwano nawa ne ke daidai da nauyin. Ta ce lissafi ne ya kai su inda suke, wannan karon sai kifi ya ci, an banda shi, an ɗanɗana. Ya ce a jira wata biyar ɗin su cika. Ta ce damina na tafe, kowa zai zuba sababbin 'ya'yan kifi, in aka jira an sake shekara guda ana sayar wa mutane kitse da sunanta.

"Farfesan fa?" ya ce.

"Yana nan inda yake."

"Ba zai jira ki ba."

"Na sani." Ta miƙa masa ragar kamun kifi. "Fara da na ɗaya."

Shugaban sashe ya zo da kansa ya roƙe ta, ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wannan sauke mu raba ne ƙiri-ƙiri. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta raka shi bakin ƙofa, ta dawo ta ci gaba da wanke tanki.

Haka ɗakin gwajin da ake shiga da farar riga ya cika da kwanoni. Ta zaga kasuwanni da gidajen masu kiwo ta tattaro guda goma sha bakwai, manya da ƙanana, har da lotsattsen kwanon tsohon direban, wanda ta musanya masa da sabo. Malam Sikeli, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana hana mutane ɗiba da ka, shi aka sa ya riƙa cika kwano yana aunawa, ya zubar ya sake cikawa. Nan suka gano girman kwano ba shi ne matsala ba, muddin da kwano ɗaya aka auna duka ukun. Tozo ne matsalar, domin tozon kowa da girman zuciyarsa. In aka bi bakin kwano da sanda aka shafe, hannun mai rowa da na mai kyauta sun zama ɗaya.

Haɗi shida suka gwada. Duk ƙarshen wata biyu a kwashi kifi a kai gidan Malam Sikeli, domin Dakta ta ce ragar uwar yara ta fi na'urar busarwar jami'a faɗin gaskiya. Takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, hayaƙi na sa ta hawaye, littafi a cinya.

"Yaya, wannan fa?"

Uwar yara ta danna kifin da babban yatsa, ta ɓantara, ta tauna. "Wannan ya yi tauri, kamar kina cin takalmi. Wancan na tsakiya, shi ne kifi. Kin ga bai yi kuka a wuta ba."

Dakta ta rubuta: bai yi kuka a wuta ba.

"Kina rubuta shirmena a littafin jami'a?"

"Shi ne abin da ya fi komai daidai a shafin."

"Ka ji ko, Baban yara? Shekara ashirin ina faɗa maka."

Na tsakiyan shi ne huɗu-biyu-ɗaya, kowane kwano a shafe. Ɗakin gwaji ya tabbatar da abin da yatsan uwar yara ya riga ya faɗa. Dakta ta sa aka zana kati: kwanoni huɗu, kwanoni biyu, kwano ɗaya, da hannu riƙe da sanda yana shafe baki. Mai zanen ya bar wuri a ƙasa don sunanta da na jami'a. Ta ce ya goge ya ƙara girman hannun, masu raunin ido su gani.

Ta rubuta sakamakon ta aika babbar mujallar. Suka mayar da shi cikin ladabi, suka ce aiki ne mai kyau amma na cikin gida ne. Ya fito a 'yar mujallar sashe, kwafi ɗari, mafi yawansu suna nan a kwali har yau. Bayan shekara biyu aka yi mata walimar ban kwana, aka rubuta Dakta, ba Farfesa ba, a jikin allon girmamawa. Malam Sikeli bai iya cin komai a wurin ba.

Shekara bakwai suka wuce. Shi ma ya ajiye aiki, ya koma taya uwar yara hura wuta, tana yi masa tsiya wai ko itace sai ya auna. A kasuwa yanzu masu banda kan tambayi mai kifi, "Shafaffe ne?" kafin su taya. Kalmar ta zauna daram kamar da ita aka haifi sana'ar.

Idon Dakta ya yi rauni, amma mujallu ba su daina aiko mata da takardun matasan masu bincike don ta duba ba. Duk ranar Laraba da hantsi Malam Sikeli kan je gidanta ya karanta mata, ita tana kishingiɗe a barandar baya kusa da ɗan tankinta, ido a rufe. Ran nan ya buɗe sabuwar takarda, ya karanta taken da ke samanta, ya tsaya.

"Ci gaba mana."

Ya ci gaba. Marubucin, wanda aka ɓoye sunansa kamar yadda aka saba, ya zaga gidajen masu kiwo ɗari biyu da goma. Ya tarar da kusan dukkansu suna amfani da wani haɗi, huɗu-biyu-ɗaya, da shafaffen kwano. Ya gwada kifinsu ya ga nama mai kyau, kitse kaɗan. Ya tambaye su inda suka samo shi, suka ce haka suka tarar ana yi. Sai ya kira shi hikimar gargajiya ta tun kaka da kakanni. Ya kwatanta shi da uku-biyu-ɗaya na wata tsohuwar takarda, wanda wasu tsiraru ke aunawa da kwano har yanzu, ya nuna na gargajiyar ya fi shi nesa ba kusa ba. Ya rufe da cewa lokaci ya yi da malaman jami'a za su sauko su koya daga talakawa.

Malam Sikeli ya ajiye takardar a kan gwiwa.

Dakta kuwa dariya take, ƙasa-ƙasa, kafaɗunta na motsi. "Ka ga an ƙara mini ɗaya. Ka rubuta a lissafinka na Litinin."

"Ba abin dariya ba ne, ranki ya daɗe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aikinki ya doke ki. Ina da 'yar mujallar nan a gida, kwafi uku na ɓoye. Yau zan kawo, a haɗa a aika musu."

"Gidaje nawa ya ce?"

"Ɗari biyu da goma."

"Nawa ke shafewa?"

Ya duba jadawalin ba da son ransa ba. "Ɗari da tamanin da bakwai."

"Karanta mini abin da ya samu a naman."

Ya karanta. Ta sa ya maimaita. Leɓɓanta na motsi, tana gwada lambobin da waɗanda suka samu a tankunansu shekara tara da suka wuce, waɗanda ashe ba ta manta ko ɗaya ba. Da ya gama ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta buɗe ido. Bai taɓa ganin fuskarta da irin wannan farin cikin ba, ko ranar da babbar mujalla ta karɓi takardarta ta farko.

"Mutumin da bai san ni ba," ta ce, "ya je gidajen da ban taɓa zuwa ba, ya auna ya samu daidai."

"Amma ke kika koya mana ba a barin kuskure a takarda. Wannan ba gargajiya ba ce."

"Gaskiyarka. Ɗauki biro." Ta gyara zama. "Na ɗaya: marubuci ya cire tun kaka da kakanni. Kakanninmu a kogi suka kama kifi, ba su kiwata shi a siminti ba. Ya rubuta abin da masu kiwon suka faɗa masa, ya tsaya nan."

Ya rubuta, ya ɗaga kai yana jira. "Sai sunanki."

"Kwanon na tsohon direba ne. Ragar ta matarka ce, harshen ma nata ne. In za a jera sunaye, shafin ba zai ɗauka ba." Ta juyo ta fuskance shi. "Kuma abin da mutum ya ɗauka na gidansu ne, ba ya yar da shi don wani Dakta ya mutu."

"Farfesan da kika rasa fa?"

"Kai ka fi ni jin zafinsa, Malam Sikeli, na daɗe da sani. Na gode." Ta faɗe shi a hankali, har sai da ya sunkuyar da kai. "Akwai saura?"

Akwai shafi ɗaya a ƙarshe. Marubucin ya haɗa 'yar shawara da harshen masu kiwo, wadda yake so a buga a raba musu. Malam Sikeli ya goge tabarau da bakin riga, ya fara karantawa.

"Tunkuzar waken soya, awo huɗu. Niƙaƙƙiyar masara, awo..."

Ya tsaya. Dakta ta riga ta miƙe zaune, dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Na biyu," ta ce. "Wannan ka ja masa layi a ƙasa. Ba za a buga ba sai ya gyara."

Ya ɗora biro a kan takarda.

"Ka tambaye shi: awon me?"